Koyon Sana'a da Tabarau na VR: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ɗalibai Ke Karɓarsa

A makarantun koyon sana'a da dama na Amurka, Jamus da Sifaniya, ba a fara miƙa wa sabon ɗalibi sandar walda ta gaske. Sai an ɗora masa wata hula mai allon kallo a ciki, ya yi ta haɗa ƙarfen da babu shi har hannunsa ya daina rawa. Kamfanonin da ke sayar da waɗannan na'urori ba sa gajiya da yabon hajarsu, kuma ba laifinsu ba ne, kasuwa suke ci. Wanda ba a cika jin ta bakinsa ba shi ne wanda aka ɗora wa hular, kuma tambayoyin nan a kansa suke. Akasarin misalan daga walda aka ɗauko su, domin tana cikin sana'o'in hannu da aka fi daɗewa ana gwada wannan fasaha a kansu.

Mene ne VR ɗin ma tukuna, kuma me ya haɗa shi da koyon sana'a?

Fasaha ce ta kwaikwayon zahiri. Za ka sa wani tabarau mai kauri da ke rufe idanu ruf, allon da ke cikinsa yana nuna wa kowane ido nasa hoton. Ka waiga hagu, hoton ya bi ka. Ka sunkuya, ka ga ƙasa. Kafin minti ɗaya ƙwaƙwalwa ta yarda cewa kana wani wuri daban, a kan turken wutar lantarki ko cikin ɗakin fentin mota, alhali kana tsaye a tsakiyar aji. A hannunka akwai abin riƙewa da kwamfuta ke bin motsinsa.

Ana amfani da shi wajen koyar da walda, fenti, tuƙin injin ɗaga kaya, aikin lantarki, kashe gobara da jinya. Abin da ya haɗa waɗannan sana'o'i guda ne: kuskuren ɗan koyo a cikinsu ko dai ya ci kuɗi ko ya ci jiki.

Ba yayi ne kawai na 'yan shekarun nan ba?

Tabarau ɗin ne sabo, tunanin ya kusa shekara ɗari. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgin sama, ya yi amfani da zugazugan da ake sa wa kayan kiɗa a masana'antar mahaifinsa don akwatin ya riƙa karkata kamar jirgi. Da farko masu wuraren wasa ne suka saye shi, aka mai da shi abin nishaɗi. Sai a 1934, bayan matuƙan soja da aka ɗora wa jigilar wasiƙu sun yi ta faɗuwa cikin mummunan yanayi, rundunar ta sayi guda shida. A yaƙin duniya na biyu an ƙera sama da 10,000. Akwatin bai canza sosai ba tsakanin lokacin da aka raina shi da lokacin da aka rungume shi. Buƙatarsa ce ta fito fili.

Na zamaninmu kuwa, kamfanin Lincoln Electric ya fito da na'urar koyon walda VRTEX 360 a 2009. Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera tabarau na VR a 2014 kan kusan dala biliyan 2, a 2018 Walmart ya raba tabarau 17,000 a kantunansa don horar da ma'aikata, a 2020 kuma tabarau samfurin Quest 2 ya fito kan dala 299.

To ɗaliban suna sonsa kuwa?

A ranar farko, kusan kowa. Za ka ga ana dariya, ana ɗaukar hoto, ana rige-rigen sawa. Idan a ranar aka raba takardar jin ra'ayi, amsar da za a samu ita ce “ya yi kyau matuƙa”, kuma da yawa daga cikin rahotannin da ke cewa ɗalibai sun karɓi fasahar a irin wannan rana aka tattara su, bayan gwaji ɗaya na 'yan mintoci.

Amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ɗokin sabon abu yakan kwanta cikin 'yan makonni. A nan ne ake rabuwa: wasu za su riƙa komawa da kansu don su gyara inda hannunsu ke kaucewa, wasu kuma su ce “wannan ai wasan yara ne, a kai mu wurin ƙarfe”. Duk wanda ya ce maka ɗalibai sun karɓi VR, ka tambaye shi a mako na nawa ya tambaye su.

Me ke raba wanda zai ci gaba da wanda zai watsar?

Tun 1989 wani masani, Fred Davis, ya duba abin da ke sa ma'aikatan ofis su rungumi manhajar kwamfuta ko su ƙi ta. Ya tsaya kan abu biyu: mutum ya ga abin zai amfane shi a aikinsa, kuma ya ga ba zai sha wahala wajen sarrafa shi ba. Ya kuma gano cewa na farkon ya fi nauyi. Mutane sukan jure wa kayan aiki mai wuyar sha'ani idan yana biya musu buƙata, amma sauƙi kaɗai ba ya riƙe kowa. Har yau ana amfani da wannan ma'auni a binciken da ake yi kan VR a makarantun sana'a.

A 2003 Viswanath Venkatesh da abokan aikinsa suka faɗaɗa shi, suka shigo da tasirin mutanen da kake ganin girmansu, da kuma samun kayan aiki da mai taimaka maka idan ka maƙale. A ganina, a sana'ar hannu wannan tasirin na manya ya fi yadda takardu ke nunawa ƙarfi. Ɗan koyo fuskar ogansa yake karantawa. Idan oga ya kalli na'urar ya taɓe baki ya ce “mu da muka koya da ƙonewar hannu fa?”, an gama, yaron ba zai sake ɗaukarta da muhimmanci ba ko da a ransa yana so. Idan kuwa ogan ya sa hular da kansa, ya ja layi ɗaya, ya ce “zo ka ga inda ka fi ni sauri”, shi ke nan ta shiga cikin kayan aikin shago.

Me masu koyon walda suka fi yabawa a ciki?

Bari mu tsaya kusa da ɗalibi ɗaya. Ya sa hular, a gabansa akwai wani ɗan guntun roba mai siffar ƙarfe biyu da aka haɗa kusurwa. A idonsa ƙarfe ne sosai. Ya taɓa sanda, wuta ta tashi, ƙara ta cika masa kunne, narkakken ƙarfe ya fara bin bakin sandar. A wasu na'urorin sandar tana ja da baya a hankali, kamar yadda ta gaske ke cinyewa, don dole ya riƙa tura hannu. Yana gamawa allo ya nuna masa layukan da ke bayyana saurin tafiyarsa, karkatar hannunsa ta fuska biyu, da tazarar da ya bari tsakanin sanda da ƙarfe. A daidai tsakiya layin sauri ya yi tsalle, wurin da ya gyara tsayuwa. Ya danna maɓalli, ƙarfen ya koma sabo, ya sake.

Abu uku ke nan a wuri ɗaya. Yana ganin inda ya kauce, ba wai a ce masa “bai yi ba, sake” kawai ba. A walda ta gaske malami ba ya iya ganin duk waɗannan tare, domin shi ma ta baƙin gilashi yake leƙe. Sannan yana maimaitawa sau talatin ba tare da ya ƙona sanda ko ɓata ƙarfe ba, ba kuma sai ya yanka ya goge wani sabo ba.

Na ukun ba a cika rubuta shi a rahoto ba, wato kunya. Duk wanda ya taɓa koyon aikin hannu ya san yadda gaba ke faɗuwa idan sanda ta manne wa ƙarfe, kana fizga tana ƙi, manyan yara na kallo suna ƙunshe dariya. Ga tsoron tartsatsi. A cikin hular babu mai ganin ɓarnarka sai kai da malam, kuma babu abin da zai ƙona ka. Ɗalibi mai sanyin hali, wanda a shago kullum a baya yake tsayawa yana miƙa kaya, a nan yakan samu ya yi ta kuskure har ya gaji da shi.

Me suka fi kushewa?

Babu zafi, babu hayaƙi, babu wari. Tartsatsi ba ya faɗa maka cikin takalmi. Nauyin kebul da yadda yake jan hannu, da yadda ƙarfe ke lanƙwashewa idan ya sha wuta, na'ura ba ta kawo su yadda suke. Shi ya sa waɗanda suka riga suka taɓa aikin gaske suka fi saurin raina ta, kuma suna da hujja.

Akwai wata illa da ta fi wannan. Ɗalibi mai wayo yakan gano yadda ake cin maki, ya koyi faranta wa na'ura maimakon karanta narkakken ƙarfe. Wani kuma ya saba da rashin hatsari har ya manta safar hannu. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, maki casa'in a allo ba ya nufin ƙofar da ka haɗa za ta jure shekara goma. Wasu kamfanoni sun bi wata hanya saboda haka: Soldamatic na kamfanin Seabery da ke Sifaniya yana bari ka ga hannunka da ɗakin da kake ciki na gaske, hoton walda kawai yake ɗorawa a kai.

Na sa sau ɗaya, jiri ya ɗebe ni har da tashin zuciya. Lafiyata ƙalau kuwa?

Ƙalau kake, kuma ba kai kaɗai ba ne. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, sashen cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki yana cewa a tsaye ake, sai rikici ya tashi. Ɗan'uwan jirin mota ne. An san shi tun a na'urorin koyon tuƙin jirgi, har a 1993 Robert Kennedy da abokan aikinsa suka tsara jerin tambayoyin auna shi da ake amfani da su har yanzu.

Ya fi tsanani a darasin da hoto ke tafiya da kai, kamar tuƙi. A walda da sauƙi, tunda a tsaye kake wuri ɗaya. Ka fara da minti goma, ka cire da zarar ka ji zufa mai sanyi ko kai ya yi nauyi, kada ka daure don kar a ce kai rago ne. Yawancin mutane jikinsu yakan saba. Kaɗan ba sa sabawa, su kuma dole cibiya ta tanadar musu wata hanya, kamar yin darasin a allon kwamfuta. Mai farfaɗiya ya fara tuntuɓar likita.

An ce mata sun fi jin jirin. Gaskiya ne?

Bincike da dama sun nuna haka, amma wani da Kay Stanney da abokan aikinta suka fitar a 2020 ya ɗora babban laifin a kan tabarau ɗin. Tazarar da ke tsakanin idanu ta bambanta daga mutum zuwa mutum, ta mata galibi ta fi ƙanƙanta, kuma an ƙera tabarau da yawa a kan ma'aunin maza. Da aka daidaita gilasan da idon kowa, bambancin ya ragu sosai. Quest 2, alal misali, matakai uku kacal yake da su: milimita 58, 63 da 68.

Saboda haka, Hajiya, kafin ki yanke cewa abin ba naki ba ne, ki sa a daidaita miki shi. A duba maɗaurin kai ma, domin wanda ya zana shi bai yi tunanin kitso ko ɗankwali ba.

Idan ɗalibi ya ji daɗin darasi, ai ya koya ke nan?

Ba lallai ba, kuma nan ne masu saye suka fi ruɗuwa. Guido Makransky na Jami'ar Kopanhagen da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a 2019: ɗalibai sun yi darasin ɗakin gwajin kimiyya iri ɗaya, a tabarau da kuma a allon kwamfuta. A tabarau sun fi jin kamar suna cikin wurin, amma abin da suka riƙe bai kai na allo ba. Kallon kayan ado ya cinye hankalin da ya kamata ya tafi ga darasi.

Inda ake horar da hannu labarin ya sha bamban. A 2002 an gwada likitoci masu neman ƙwarewa a Jami'ar Yale, waɗanda suka yi atisaye a na'urar kwaikwayo suka fi sauran sauri da kashi 29 cikin ɗari wajen tiyatar cire matsarmama, da ƙarancin kuskure. A walda, Richard Stone na Jami'ar Jihar Iowa ya gwada raba lokacin horo biyu, rabi a na'ura rabi a kan ƙarfe, kuma waɗanda suka bi wannan tsari ba su gaza waɗanda suka yi duka a kan ƙarfe ba. A lura, rabi ne, ba duka ba.

Akwai kuma rahoton kamfanin PwC na 2020 da 'yan talla ke yawan ɗaukowa, mai cewa an kammala horo da VR cikin sauri ninki huɗu idan aka kwatanta da aji. Horon shugabanci da mu'amala da ma'aikata aka yi wa manajoji a wannan binciken. Babu wanda ya riƙe sandar walda a ciki.

Wanda ya manyanta, ko bai taɓa wasan bidiyo ba, zai iya?

Zai iya. Wanda ya saba da wasan bidiyo yakan riga shi gane maɓallai, amma wannan rata ta kwana ɗaya ko biyu ce. Abin da ke korar babba shi ne a sa masa hula a gaban yaran da ya haifa, yana lalube suna dariya. A ba shi nasa lokacin shi kaɗai.

Ni malamin sana'a ne. Wannan ba hanyar sallamarmu ba ce?

Malam, na'urar tana iya cewa hannun yaro ya karkata, amma ba ta san cewa gwiwar hannunsa ce ba ta da madogara ba, ko kuma numfashi yake riƙewa saboda tsoro. Kai ne za ka gani ka gyara masa tsayuwa. Abin da takan ɗauke maka shi ne maimaicin makonnin farko, wanda dama shi ya fi cin rai da cin sanda.

Sai dai ƙorafin malamai yana da tushe. Sau da yawa daga sama ake sayo kayan, a kira taro a yanka kirtani, ba a tambayi mai koyarwa ba, ba a horar da shi ba, ba a kuma sa wa abin lokaci a jadawali ba. Bayan wata shida sai ka tarar da akwatin a ofishin shugaba an lulluɓe shi da ƙyalle, ana buɗewa idan baƙi sun zo. Ɗalibai kuwa sun riga sun fahimci matsayinsa.

Makin na'ura zai ba ni takardar shaida?

A walda, a'a. Ana tabbatar da ƙwarewar mai walda ne da ƙarfen gaske da ya haɗa, a duba shi, a lanƙwasa ko a haska cikinsa a ga ko akwai rami. Ɗalibai sun san haka, shi ya sa duk abin da ba su ga alaƙarsa da ranar jarrabawa ba suke ajiye shi gefe.

Nawa ne kuɗinsa?

Tabarau na gama-gari 'yan ɗaruruwan daloli ne, Quest 3 ya fito a 2023 kan dala 499. Cikakkiyar na'urar walda mai teburi da sanda da hula kuwa takan kai dubun-dubatar daloli. Abin da ake mantawa shi ne kuɗin manhaja, wanda galibi duk shekara ake sabuntawa, da kuɗin gyara. Ribar tana fitowa ne idan ɗalibai suna da yawa kuma na'urar ba ta hutawa. Wannan ma ya shafi karɓuwa: na'ura ɗaya ga ɗalibai arba'in tana nufin kowa minti kaɗan a mako, sauran lokacin kallo.

A wurarenmu fa, zai yi aiki?

A Najeriya akwai masu aiki a kan fasahar, kamar cibiyar Imisi 3D da Judith Okonkwo ta kafa a Legas a 2016, akwai kuma hukumomin da horon sana'a ke hannunsu, irin su NBTE mai hedikwata a Kaduna da ITF a Jos. Amma yawancin masu walda namu ba a aji suka koya ba. A gaban shago suka koya, a wurare irin Panteka, inda yaro kan daɗe yana miƙa kaya da goge ƙarfe kafin a bar shi ya riƙe sanda, saboda sanda kuɗi ce, man janareto ma kuɗi ne. Ta wannan fuska, buƙatar abin da zai ba ɗan koyo damar maimaitawa kyauta ta fi yawa a nan. Tabarau mai batir yakan yi awa biyu zuwa uku, kuma ƙaramar sola ta isa ta caja shi, abin da ba za ta yi wa injin walda ba.

Matsalolin su ma namu ne. Ƙurar hunturu tana karce gilasai. Hasken rana idan ya ratsa gilasan yakan ƙona allon ciki, don haka ba a ajiye shi a bakin taga. Soson da ke taɓa fuska yana shan zufa, idan mutum talatin za su sa a watan Afrilu sai an sa masa rufin da ake gogewa, balle lokacin da ciwon ido na apolo ke yawo. Ga harshe: umarnin da ke fitowa a allo da Turanci yake ko wani harshen Turai, yaron da ya fi kowa hannu mai kyau kuma wataƙila karatunsa na makarantar allo ne. Idan ba a fassara ba, ko babu mai tsayawa kusa da shi yana bayani, za a ɗauka fasahar ya ƙi alhali rubutun ne ya tare shi.

Ta yaya cibiya za ta gane cewa ɗalibanta sun karɓa da gaske?

Kada ta dogara da takardar “ka ji daɗi?” ta ranar farko. Ta bar ɗakin a buɗe awa ɗaya bayan an tashi, ba tare da tilas ba, ta ƙirga masu zuwa a mako na huɗu da na takwas. Ta rubuta sunayen waɗanda suka daina zuwa, malami ya same su ɗaya-ɗaya ya ji dalili, domin mai jin jiri ba zai faɗa a gaban aji ba. Ta saurari hirarsu a bakin famfo: idan suna gardama kan karkatar hannu da saurin tafiya, darasin ya shiga, idan maki kawai suke gasa a kai, a ɓoye makin na ɗan lokaci. Ranar da aka koma kan ƙarfe kuma, a ƙirga sanda nawa kowane ɗalibi ya ƙona kafin ya ja layin da malam ya amince da shi, a kwatanta da na 'yan ajin bara.